Tarihin Kafuwar Gonar Knott da Bunƙasar Kasuwancinta

Gonar Knott, wadda take garin Buena Park a gundumar Orange ta kudancin jihar Kalifoniya a Amurka, tana cikin fitattun misalan yadda sana'ar abinci ta iyali guda kan tashi daga rumfar bakin hanya har ta kai ana kiran sunanta a faɗin ƙasa. Waɗanda suka kafa ta su ne Walter Knott, wanda aka haifa a shekarar 1889, da matarsa Cordelia, kuma sun yi aure a 1911. Kafin su zauna a Buena Park sun sha wuyar noma a hamadar Mojave, inda suka karɓi fili a ƙarƙashin dokar da ke bai wa mutum ƙasa idan ya zauna a kanta ya raya ta, amma ƙarancin ruwa da rashin albarkar ƙasar suka hana su cin moriyar wahalarsu. Daga nan suka koma yankin Shandon suka yi noman kayan lambu na 'yan shekaru, har suka tara ɗan jarin da ya ba su damar ƙaura a 1920, lokacin da Walter ya haɗa gwiwa da ɗan'uwansa Jim Preston suka karɓi hayar eka ashirin domin noman beri.

Beri suna ne da ya tattara wasu ƙananan 'ya'yan itatuwa masu laushi da yawan ruwa, waɗanda ke fitowa a jikin tsiro mai yaɗo, sau da yawa mai ƙaya, kuma halinsu na saurin lalacewa shi ne ya tsara dukkan tafiyar wannan kasuwanci. Manomin da ke da hatsi yana iya zuba shi a rumbu ya jira kasuwa ta yi kyau, amma mai beri ba shi da wannan zaɓi, domin kwana biyu ko uku bayan tsinka kayansa za su fara zubar da ruwa, don haka duk farashin da dillali ya yanka masa dole ya karɓa. Mafitar da iyalin suka samu a farkon shekarun 1920 ita ce kafa rumfa a gefen titin da ya bi ta gaban gonar, wanda shi ne hanyar da mazauna Los Angeles da kewayenta ke bi zuwa bakin teku a ranakun hutu, a daidai zamanin da mota ta fara shiga hannun masu matsakaicin hali. Da wannan rumfa ribar da dillali ke ci ta dawo aljihun manomi, kuma mai saye ya riƙa ganin fuskar wanda ya noma abin da zai kai gida.

A 1927 haɗin gwiwar Walter da Preston ya ƙare, ya sayi eka goma na kansa, sannan a shekarar da ta biyo baya ya gina ginin dindindin wanda ya ƙunshi shagon sayar da beri, da wurin renon dashe, da ɗan ɗakin shan shayi da Cordelia ke kula da shi. A wannan ɗaki ne aka fara sarrafa amfanin gonar, wato mayar da ɗanyen kaya wani abu mai jure ajiya kuma mai tsada. Cordelia tana dafa beri da sukari har ya yi kauri ya zama jam, abin da ake shafa wa burodi, tana zuba shi a kwalabe, tana kuma gasa wani nau'in burodi mai zaƙi da ake cusa dafaffen beri a cikinsa. Abin da ya nuna da yawa har ba zai kai gobe a rumfa ba, shi ne ke shiga tukunya da yamma, saboda haka kayan da a da asara ne suka koma hanyar samun kuɗi ta biyu.

Abin da ya bambanta gonar da sauran rumfunan da ke jere a kan wannan titi ya zo ne a 1932, lokacin da George Darrow, masanin tsirrai a Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, ya zo yana cigiyar wani babban beri da aka ce wani mai suna Rudolph Boysen ya samar ta hanyar barbarar irin beri daban-daban. A lokacin Boysen ya riga ya bar noma yana aikin kula da lambunan shaƙatawa na birnin Anaheim, kuma da Darrow da Knott suka bi sawu zuwa tsohuwar gonarsa, 'yan tsirrai kaɗan suka tarar a cikin ciyawa suna gab da mutuwa. Knott ya cire su ya dasa a gonarsa, ya yi ta jinyarsu har suka farfaɗo suka yi 'ya'ya manya, baƙaƙe masu ratsin ja, masu zaƙi da ɗan tsami. Da ya fara sayar da su a tsakiyar shekarun 1930 sai ya raɗa musu sunan boysenberry, wato berin Boysen, kuma wannan adalci ne da ya cancanci a ambata, domin yana da damar liƙa wa sabon irin sunansa ba wanda zai hana shi. Bai kuma ɓoye irin ba, ya riƙa sayar da dashensa ga manoma na kusa da na nesa, har nomansa ya kai jihar Oregon da ƙasar New Zealand, ga shi kuwa duk inda aka ambaci wannan beri sai an tuna gonar da ta ceto shi.

Duk da haka, zamanin na karyewar tattalin arziki ne wanda ya biyo bayan faɗuwar kasuwar hannun jari ta 1929, farashin amfanin gona ya faɗi, kuɗin beri kaɗai ba ya riƙe gida. A ranar 13 ga Yuni 1934 Cordelia ta soya kaji ta ciyar da baƙi takwas a ɗakin shayinta, a cikin tangaran ɗin da aka ba ta na aure, kowane mutum a kan santi 65. Tare da kazar akan kawo kirɓaɓɓen dankali da romo, da ƙananan burodi masu zafi da jam, a rufe da gasasshen burodin beri, wato kusan duk abin da ke kan teburin yana tallata wani abu da ake sayarwa a shagon da ke maƙwabtaka. An ruwaito cewa ita kanta ba ta ɗauki abin a matsayin buɗe gidan abinci ba, dabara ce kawai ta rage zafin matsi, sai dai labari ya bazu daga baki zuwa baki ba tare da an kashe kuɗin talla mai yawa ba. Aka yi ta faɗaɗa ɗakin ana ƙara tebura, aka ɗauki matan unguwa aikin girki da rabon abinci, kuma zuwa 1940 akwai ranakun Lahadi da ake ciyar da mutane kusan dubu huɗu.

Wannan nasara ta haifi matsalarta, domin mutane kan tsaya a layi na sa'o'i kafin su samu wurin zama, kuma mai jin yunwa a tsaye cikin rana ba ya rasa dalilin juyawa ya tafi. Walter ya fara ƙirƙiro abubuwan kallo domin ɗebe wa masu jira kewa, daga lambunan duwatsu da furanni zuwa wani ɗan dutse mai aman wuta na kwaikwayo, sannan a 1940 ya soma aikin da ya sauya alƙiblar gonar baki ɗaya, wato gina kwaikwayon kufai irin na garuruwan masu haƙar ma'adinai na yammacin Amurka waɗanda aka watse aka bari. Ya riƙa sayo tsofaffin gine-ginen katako yana warware su yana sake haɗawa a gonar, cikinsu har da wani tsohon masauki daga Prescott ta jihar Arizona, ya kuma kafa wani nuni na tunawa da hijirar dangin mahaifiyarsa daga Texas a cikin amalanke mai rumfa. Ya dace a lura cewa tarihin da kufan ke bayarwa na baƙin da suka mamaye yammacin ƙasar ne, kuma abin da ya samu 'yan asalin yankin bai samu gurbin da ya kamace shi a ciki ba. Ta fuskar kasuwanci kuwa dabarar ta ci, domin shiga kyauta ne, mutum ya zo kallo ya ci kaza, ya fita da kwalaben jam a hannu, kwalaben kuma su shiga gidajen da ba su taɓa jin sunan Buena Park ba. A 1947 aka tsayar da sunan wurin a kan Knott's Berry Farm.

Rabon aiki a cikin gidan ya taimaka ƙwarai wajen riƙe wannan girma. 'Ya'yansu huɗu, Virginia da Russell da Rachel, wadda aka fi sani da Toni, da Marion, sun taso ne suna tsinkar beri da ɗaukar faranti, daga baya kowa ya samu ɓangarensa. Virginia ta fara sayar da kayan tsaraba a kan ƙaramin tebur har ya zama babban shago mai sunanta, Russell ya riƙe harkar gudanarwa, Marion kuwa ita ta jagoranci tsara sababbin sassan wurin shaƙatawar a shekarun da suka biyo baya. Buɗe wurin shaƙatawa na Disneyland a Anaheim a 1955, tazarar 'yan kilomita kaɗan, bai karya su ba, domin baƙin da suka zo daga nesa sukan haɗa ziyarar wuraren biyu. Sai dai gasar ta tilasta ƙara abubuwan hawa, irin su jirgin da ke ratsa kwaikwayon ramin haƙar ma'adinai na 1960, kuma a 1968 aka kewaye wurin da shinge aka fara karɓar kuɗin shiga, abin da ya kawo ƙarshen tsohon tsarin da kallo ke yi wa abinci hidima.

A daidai wannan lokaci gundumar Orange tana rikiɗewa daga ƙasar gonaki zuwa unguwannin birni, filayen berin suka koma gine-gine da wurin ajiye motoci, sarrafa jam ya bar madafin Cordelia ya koma masana'anta, kwalaben kuma suka hau kantocin manyan shaguna. Cordelia ta rasu a 1974, Walter ya bi ta a 1981, kuma a wannan shekara ce aka fara ɗora wanda ba ɗan gida ba a kan shugabancin gudanarwa. Da magada suka yi yawa, jarin da gasar wuraren shaƙatawa ke buƙata kuma ya yi nauyi, iyalin suka sayar da ɓangaren abinci ga kamfanin ConAgra a 1995, suka sayar da wurin shaƙatawar ga kamfanin Cedar Fair a 1997. A 2008 sunan jam ɗin ya sake komawa hannun kamfanin Smucker, wanda shi ma asalinsa sana'ar iyali ce a jihar Ohio, kuma a 2024 Smucker ya daina kai jam ɗin shaguna, a shekarar da Cedar Fair ya haɗe da kamfanin Six Flags. A Buena Park dai gidan abincin da ke ɗauke da sunan Cordelia yana nan a wajen shingen, inda ba a biyan kuɗin shiga, ana soya kaza ana kawo ta tare da jam ɗin berin Boysen.