ANKO DA MASAƘA: WA KE SAƘA MANA SUTURA?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa wata 'yar hidima ce da aka ɗora mini, wadda na ɗauka aikin yini guda ce, ashe za ta kai ni nesa cikin tarihi. Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai a nan Kankiya ta shirya taron sada zumunci, aka ce a fitar da anko, aka naɗa mu mu uku mu zaɓo yadi. Ana shirin tashi sai wani dattijo daga cikin iyayen ƙungiya, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana aikin masaƙa a Kakuri, ya dube ni ya ce, "Malam, a wace masaƙa za ku yi mana odar?" Matasa suka bushe da dariya. Na ce, "Baba, ai Kantin Kwari za mu." Ya ce, "Na san kasuwa, ɗana. Masaƙa na tambaye ka." Na rasa amsa, ga shi kuwa tarihi nake koyarwa.

To, mai karatu, wannan tambaya da ta zama abin dariya, ita ce tambayar farko ga kakanninmu. Haɗa sutura iri ɗaya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin ko kafin anko ya zama ruwan dare a bukukuwa, dogarawan sarki da rigunansu na ja da kore aka san su. Wanda zai tufatar da jama'a da yawa a wancan zamani, kamar hakimin da ke shirin hawan salla, sai ya fara da neman masaƙi. Mata su ke gurzar auduga, su shiɓe ta, su kaɗa da mazari, su fitar da zare mai ƙarfi na tsaye da abawa mai kauri ta kwance. Masaƙi ya miƙe zarensa, ya ɗora dutse a kan kunkuru, ya yi ta jefa ƙoshiya, yana fitar da ƙyalle mai faɗin tafin hannu. Sai an harhaɗa ƙwarya-ƙwarya masu yawa kafin a sami riga guda. Saboda haka idan ana son riguna su zo bai ɗaya, dole a tsaya ga masaƙi ɗaya da zare ɗaya da marina ɗaya, in ba haka ba ranar taro a ga wani shuɗi ya turu, wani ya koɗe. Daga cikin masu daraja a irin wannan aiki akwai saƙi, wanda ake giciya baƙin zare da fari su ba da ƙananan gidaje kamar jikin zabuwa.

Wannan sana'a ba ƙarama ba ce. A farkon shekarar 1851 Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya taso daga Katsina ya bi ta Kusada da Bichi ya shiga Kano. Da ya ga kasuwar tufafi sai ya ƙiyasta cewa abin da Kano ke fitarwa a shekara na saƙa da rini ya kai aƙalla wuri miliyan 300, kuma kayan na isa Tambutu da Gat da Murzuk, har Tarabulus. Wato a lokacin mu ne masaƙar da wasu ƙasashe ke yi wa oda.

Da Turawa suka zo, audugarmu suke so, ba saƙarmu ba. An kafa ƙungiyar BCGA a Mancesta a 1902 don samar wa masaƙun Lankasha auduga, layin dogo kuma ya iso Kano a 1911. Sai dai lissafin bai tafi yadda suka so ba. Masaƙan gida sun riƙa sayen auduga a farashin da ya fi na Bature, manoman Kano kuwa suka raja'a ga gyaɗa. Daga baya ne kudancin lardin Katsina ya zama gidan auduga, aka kafa injinan gurza a garuruwa irin su Funtuwa da Malumfashi. Auduga ta tafi Ingila a jirgi, ta dawo mana a matsayin alawayyo da akoko, suna cin kasuwar fari sannu a hankali.

Ganin haka ne gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta haɗa gwiwa da kamfanin David Whitehead na Lankasha, aka kafa masaƙar KTL a Kaduna, ta fara aiki a 1957 da saƙa akoko. Cikin shekarun 1960 sai ga Nortex, ga UNTL ta attajirin Hon Kon Cha Chi Ming, ga Arewa Textiles ta haɗin gwiwa da Japanawa, duk a Kakuri. Kano ma ta samu nata, sannan a ƙarshen shekarun 1970 aka kafa masaƙar Funtuwa. Samarin ƙauyukanmu suka kwarara Kaduna, cikinsu har da dattijon da ya yi mini tambaya. Shi ya gaya mini cewa a zamaninsu mace kan juya bakin atamfa ta duba sunan masaƙa kafin ta taya, shugabannin makarantu da ƙungiyoyi kuma kan bi ta hannun dilan masaƙa su yi odar bandir-bandir. Masaƙin zaure ya sha kaye a hannun inji, gaskiya ne, amma dai auduga tamu ce, albashi kuma gida yake dawowa.

Allahu Akbar, zamani riga! A 1986 aka shigo da tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada, aka kuma rushe hukumar cinikin auduga. A 1997 aka ɗage takunkumin shigo da yadi daga waje. Ga rashin wutar lantarki, ga tsadar baƙin mai, ga kayan fasa-ƙwauri da ke shigowa ta kan iyaka, wanda mu mutanen Katsina ba sai an ba mu labari ba. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta Kaduna ta tsayar da aiki a 2007, dubban magidanta suka rasa abin yi. A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da yadi canjin kuɗin waje don a farfaɗo da masaƙu, a 2023 kuma aka janye hanin. Da muka isa Kwari na maimaita tambayar Baba ga wani mai shago, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, kawo samfuri da kafin alƙalami, a bugo maka daga Sin, har da tambarin ƙungiyarku." Ka ji inda odarmu ta koma.

A nan ne nake so mu leƙa wata ƙasa da ta taɓa shiga irin wannan hali, wato Sikotlan da ke arewacin Birtaniya. Mutanen tsaunukan can suna da wani yadin ulu mai gidaje-gidaje da suke kira tatan, ɗan'uwan saƙinmu ne a tsari, maza na ɗinka shi kamar buje mai tattara. Bayan tawayen da aka murƙushe a 1746, gwamnati ta haramta wa mazan tsaunuka wannan shiga, in ban da sojoji, sai a 1782 aka soke dokar. A 1822 Sarki Joji na Huɗu ya ziyarci Edinbara, wanda ya tsara bikin kuwa marubuci ne, Walter Scott, ya nemi shugabannin zuri'o'i su zo cikin shigar gargajiya. Nan fa oda ta yi ta kwarara zuwa masaƙu, musamman ta gidan William Wilson a garin Bannockburn. Masana tarihi sun nuna cewa da yawa daga zanukan da yau ake cewa na zuri'a kaza ne, a littafin samfurin wannan masaƙa suka fara, wasu da lamba kawai aka san su kafin a laƙaba masu suna. Ashe abin da ya raya tatan ba tsufansa ba ne. Abu biyu ne: an rubuta ƙidayar zaren kowane zane, jama'a kuma sun ci gaba da kai odarsu ga masaƙun gida. Tun 2009 ma akwai rajistar hukuma da ake shigar da kowane zane, ta yadda ƙungiya ko makaranta za ta ɗauki ƙidayarta ta kai wa masaƙar da ta ga dama, ta gwada farashi da nauyin yadi da lokacin gamawa, sannan ta zaɓa.

Mu fa yaya muka ƙare? Ba zan ɓoye maku ba, aljihun 'yan ƙungiya ne ya yanke hukunci, yadin waje muka sayo, ko da yake mun san araha ba ta ado. Amma don kunyar Baba muka ware wani abu, muka nemi wani tsohon masaƙi a wani ƙauye na ƙasar Kusada ya saƙa wa kowa ƙyallen saƙi na ratayawa a kafaɗa. Sharuɗɗansa uku ne: a sayo zaren duka a lokaci ɗaya don kada launi ya saɓa, a ba shi rabin kuɗi, kada kuma a matsa masa da gaggawa. Na zauna ina kallonsa yana ƙirga zare a bakinsa, baƙi kaza, fari kaza. Na ce, "Baba, ina aka rubuta wannan?" Ya nuna kansa da yatsa. Na ce, "'Ya'yanka fa?" Ya ce duk sun tafi birni. Ranar taro kuwa babu wanda ya yi zancen yadin Kwari, kowa ƙyallen nan yake shafawa.

Don haka 'yan'uwana marubuta, ga aiki a ƙofar gidanmu. Kowa ya nemi masaƙin da ya rage a garinsu, ya rubuta sunan kowane zane da ƙidayar zarensa da wanda ake saƙa wa shi, tun ana iya tambaya. Idan kuma aka naɗa ka kwamitin anko, na biki ne ko na ƙungiya, kafin ka tambayi nawa ne turmi, ka tambayi wa ya saƙa. Kuɗin anko na shekara guda a ƙaramar hukuma ɗaya ba ƙaramin jari ba ne, kuma duk inda muka kai shi, can ƙoshiya za ta yi motsi. Allah ya sa mu dace, amin.