Daga Batirin Volta Zuwa Wawan Rafi: Tarihin Da'irar Lantarki

Yau za mu koma ajin Fiziks, kan zanen nan da malamai ke yi mana a allo: batir, waya, makunni da ƙwan fitila. Da yawanmu mun haddace shi ne kawai don mu ci WAEC. Amma ni a ganina, wanda ya gane wannan ɗan zanen ya gane dalilin da ya sa ake ɗauke mana wuta.

Ita da'irar lantarki hanya ce rufaffiya. Wuta ta fito daga batir, ta bi waya, ta yi aiki a ƙwai, ta koma gida. Ka yanke hanyar a ko'ina, komai ya tsaya. Aikin makunni ke nan: ya haɗa ko ya raba. Shi kuwa fiyus ɗan sadaukarwa ne, siririyar waya ce da ke narkewa idan wuta ta yi yawa, don kada talabijin ɗinka ya ƙone.

To ina aka samo wannan? A 1800 wani ɗan Italiya, Alessandro Volta, ya jera faya-fayan tutiya da jan ƙarfe, ya raba tsakaninsu da ƙyalle jiƙaƙƙe da ruwan gishiri. Batir na farko ke nan, kuma daga sunansa aka samo ma'aunin bolt. Sai Georg Ohm, malamin makarantar sakandare a Jamus, wanda a 1827 ya fitar da ƙa'idar da ta wahalar da mu a aji. Ka ɗauke ta kamar ruwan tanki: bolt shi ne ƙarfin turi, amfiya yawan ruwan da ke gudu, turjiya kuma ƙuncin bututu. Batir mai bolt 12 a kan turjiyar om 6 zai ba ka amfiya 2. Shi ke nan fa! Da farko manyan masana ba su kula shi ba, sai a 1841 ƙungiyar masana ta Ingila ta karrama shi. A 1831 kuma Michael Faraday ya gano cewa motsa maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya yana haifar da wuta. Janaretan mai shagon unguwarku da injinan Kainji, duk jikokin wannan gwajin ne.

A Najeriya, wuta ta fara haskawa a Legas a 1896. An kammala madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin rarrabawa a 2013. Tun daga nan Jigawa, Kano da Katsina suke hannun KEDCO. Wutar da ke zuwa Kazaure, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura doguwar tafiya take yi: ta taso a manyan layuka masu bolt 330,000, taransifoma bayan taransifoma na sassauta ta, har ta shigo ɗakinka a wajen bolt 230.

Yanzu ku saurara da kyau, nan ne gishirin zancen. Haɗin da'ira iri biyu ne. Akwai na jeri, inda kayan suke layi ɗaya kamar carbi: tsinkewa ɗaya, kowa ya zube. Akwai na rassa, inda kowa ke da hanyarsa. Shi ya sa idan ƙwan ɗakinka ya mutu, na tsakar gida bai san an yi ba.

Ku tuna Oktoban 2024. An riga an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sai wanda ya biyo ta Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya katse. Yawancin jihohin Arewa suka shiga duhu fiye da mako guda. Masu ƙanƙara, masu walda, masu niƙa, teloli, kowa ya ji a jikinsa. Me ya faru? Yanki guda mai miliyoyin mutane yana rataye a kan hanyoyi ƙalilan, kusan kamar haɗin jeri. Darasin ɗan aji ɗaya na babbar sakandare ne, amma ƙasa guda ta faɗi jarrabawar.

Abin da zai ba ku mamaki, yankinmu ya taɓa gwada mafita. A farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, gwamnatin Jigawa ta haɗa kai da ƙungiyar Solar Electric Light Fund ta Amurka, aka kai sola wasu ƙauyuka uku, ciki har da Wawan Rafi ta ƙasar Kazaure. Famfon ruwa, asibiti, makaranta, fitilun titi da rumfunan sana'a duk suka samu wuta ba tare da jiran Kainji ba. Farantin sola, batir, waya, makunni: zanen allon nan ne dai, ya fito fili. Tun kafin sola ta zama ruwan dare a kasuwa, ƙauyenmu ya riga ya gani.

Amma kafa abu daban, riƙe shi daban. Batir yana tsufa, waya tana cinyewa, fiyus yana ƙonewa. Idan babu ɗan gari da ya san inda zai ɗora mita ya gano inda hanya ta katse, aikin miliyoyi sai ya zama kufai. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu nan a Kazaure. Ga dokar lantarki ta 2023 da ta ba jihohi damar tafiyar da harkar wutarsu. Ƙofa a buɗe take, saura masu shiga.

Don haka ƙannena 'yan sakandare, kada ku tsaya a hadda. Batirin tocila biyu, guntuwar waya da ɗan ƙwai sun isa ku haɗa jeri da rassa da hannunku. Wutar soket kam, ku yi nesa da ita, ba ta san wasa ba. Malamai, don Allah a riƙa shiga aji da kayan, ko na tsohuwar rediyo ne. Mu kuma manya, idan 'yan siyasa sun zo neman ƙuri'a da alƙawarin taransifoma, mu tambaye su: yara nawa za ku koya wa gyaranta?