Jego a Ƙasar Gwandu: Tarihin Kwana Arba'in

Jego shi ne zaman da mace ke yi bayan ta sauka, ana kula da jikinta da cimarta har ta warware, kuma a al'adar Hausawa da Fulanin ƙasar Gwandu mafi ƙarancinsa kwana arba'in ne. A Malisa da maƙwabtanta irin su Dalijan, Kambaza da Maruda, har zuwa garuruwan fadama na wajen Kalgo, matar da ke cikin wannan hali sunanta mai jego, kuma sunan yana tafe da haƙƙoƙi. Ba ta daka, ba ta surfe, ba ta zuwa rijiya, kuma ita ake fara zuba wa abinci. A rayuwar macen karkara, wadda tun tana 'yar shekara bakwai take hidimar wasu, wannan ne kusan lokaci ɗaya tak da gida ke juyowa ya yi mata hidima.

Tushen al'adar wata fahimta ce game da jiki. Tsofaffi na cewa mai jego ɗanyen jiki gare ta. Haihuwa ta buɗe ta, jini ya fita, saboda haka sanyi na iya shiga ya zauna, ya zama kumburi ko ciwon gaɓoɓi ko tarin da ba ya jin magani. Ɗanyen abu kuwa gasa shi ake yi. Daga nan ne dukan sassan jego suka samo asali: ruwan zafi a waje, kayan yaji a ciki, da garwashi a ɗaki. Wanda bai riƙe wannan tunani ba zai ɗauki jego tarkacen al'adu ne marasa dangantaka, alhali tsari ɗaya ne.

Jegon fari ya bambanta da saura. Idan ciki ya kai wata bakwai, iyayen yarinya sukan zo su tafi da ita gida goyon ciki, ko kuma a bari sai bayan suna ta tafi wankan gida. Dalilin a bayyane yake: amaryar da ba ta daɗe a gidan miji ba tana jin nauyin surukarta, ba za ta ci ta ƙoshi a gabanta ba, ba kuma za ta faɗi inda ke mata ciwo ba. A gaban uwarta ko gwaggonta kuwa babu wannan shamaki. Haihuwa a da a durƙushe ake yin ta cikin ɗaki, kuma ana son mace ta danne zafin naƙuda ba tare da raki ba, shi ya sa ake cewa haihuwa yaƙin mata. Ungozoma sau da yawa sai bayan ɗa ya faɗo ake kiran ta, ta yanke cibiya, ta binne mabiya a bayan ɗaki, ta wanke jariri, ta ɗora ruwan farko.

Wankan jego safe da yamma ake yin sa. Ana tafasa ruwa a babbar tukunya, wadda daga baya rabin ganga ya maye gurbinta a gidaje da yawa, a riƙa tsoma damin ganye ana fyaɗa wa mai jego a baya da ciki da cinyoyi. Itacen wannan aiki nauyin miji ne, kuma magidanci mai tsari tun ciki na wata biyar yake fara tara shi. Tarin itace a ƙofar gida kan sanar da unguwa abin da kunya ta hana a faɗa da baki. Ganyen da aka fi sani a da shi ne runhu, wasu kuma su haɗa da sabara ko tsamiya. Dogonyaro, wanda Kanawa ke kira darbejiya, wanda kuma yara a yau ke zaton da shi aka halicci wankan jego, baƙo ne. Asalinsa ƙasar Indiya ne, a 1928 aka fara shuka shi a Borno, kuma zamanin En'e ne ya bazu a titunan lardin Sakkwato. Wannan ƙaramin misali na nuna cewa al'adar ba ta taɓa tsayawa cik ba. Tana karɓar abin da zamani ya kawo idan ya dace da tunaninta.

Abinci ne zuciyar jego, kuma sarkinsa kunun kanwa. Gero ake surfawa a niƙa da citta, kanumfari, masoro, kimba da barkono, a dama da ruwan kanwa, mai jego ta sha da zafinsa har gumi ya keto mata. Ana cewa yana wanke ciki, yana kawo ruwan nono. Kanwar kanta tana da dogon tarihi, domin ba a haƙa ta a Gwandu. A da fatake ne ke kawo ta a kan jakuna da raƙuma, wata daga Borno da ƙasar Manga, kamar ungurnu ta bakin tafkin Cadi, wata kuma daga kwarurukan da ke yamma da Kabi, a ƙasar Nijar ta yau, inda Dallol Boso ke ba da kanwa, Foga kuma ke ba da gishiri. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya bi diddigin wannan fatauci a littafinsa na 1986, ya nuna yadda gishiri da kanwa suka ɗaure kasuwannin daular Sakkwato da na maƙwabtanta. Ke nan ƙwaryar kunun da ake miƙa wa mai jego a ƙauye ita ce zangon ƙarshe na tafiyar makonni.

Sai nama. Kwana uku ko huɗu da haihuwa ake yin ƙauri: miji ya sayo ƙafafun sa ko kai, a dafa su da yaji mai yawa har su yi laushi, a ba mai jego kaso mafi tsoka, a raba saura ga dangi da maƙwabta. Bayan wannan akwai gasasshen nama ko kaza a kai a kai, gwargwadon ƙarfin mai gida, da tuwo mai zafi da man shanu, da yajin jego da ake dakawa da daddawa a barbaɗa a kan kome. Garuruwan da ke kusa da gulbi suna ƙara busasshen kifi da tuwon shinkafar fadama, gidajen Fulani kuma ba a rasa fura da kindirmo. Abin lura shi ne yadda jego ke juya tsarin rabon abinci na yau da kullum. A sauran ranaku akushin mai gida ake fara cikawa, tsoka ta tafi zaure, uwa ta ci abin da yara suka rage. A jego kuwa tsohuwa ce ke zama a kan yarinya tana cewa, "Ci, 'yar nan, ba don ke kaɗai kike ci ba." Mata da yawa a wannan zama ne suka fara sanin cewa ƙoshinsu ma abin kulawa ne. Jama'a kuma na auna mutuncin miji da kamannin matarsa ranar arba'in: idan ta fito ta yi ɓulɓul an ce ta samu jego mai kyau, idan ta fito a rame maganar ba ta ƙarewa a gidan.

Addini ya taɓa wannan al'ada ta hanyarsa, kuma Gwandu na tsakiyar labarin. A 1805 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sauka a garin, daga baya kuma Gwandu ta zama hedikwatar yammacin daula a hannun ƙanensa Malam Abdullahi, wanda ya rasu a 1829 aka binne shi a can. Shehu ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ba su san ko hukuncin tsarki ba. Jinin biƙi na cikin waɗannan hukunce-hukunce. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Ahalari da Risala, iyakarsa kwana sittin, kuma da zarar ya ɗauke mace za ta yi wanka ta kama salla ko da kwana kaɗan ne da haihuwa. Al'ada kuwa ta kafe a kan arba'in, har wasu mata suka ɗauka ba a salla sai an cika su. Malamai sun yi ta raba waɗannan abubuwa biyu, wato hutun jiki da hukuncin ibada, ba tare da sun hana hutun ba.

Hanyar da irin wannan ilimi ya bi ya shiga ɗakunan mata ita ce ta 'Yan Taru, ƙungiyar da Nana Asma'u 'yar Shehu (1793 zuwa 1864) ta kafa. Shugabannin tawaga, waɗanda ake kira jaji, suna tahowa daga ƙauyuka da tsofaffin mata da ƙananan 'yan mata, su ɗauki karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, su koma su koyar. Matan da ke tsakiyar shekarun haihuwa ba su cikin masu tafiya. A gida karatun ke iske su, daga bakin irin tsofaffin da ke dama musu kunu. Don haka ɗakin jego ya kasance makaranta ta fuska biyu, ta jiki da ta addini.

Ranar suna, kwana bakwai da haihuwa, maza na raɗa suna da yanka rago a waje, wanzami na aski, mata kuma na cika gida da yamma suna "barka da arziki" da "Allah ya raya". Kayan barka, wato zannuwa, sabulu, hatsi da kuɗi, na mai jego ne ita kaɗai, kuma tana riƙe da lissafin wadda ta kawo da abin da ta kawo, domin biki bashi ne, za ta rama da ƙari. Da wannan ɗan jari mata da yawa suka sayi akuyarsu ta farko, ko suka fara sana'ar fura, ƙuli-ƙuli ko man gyaɗa daga cikin gida, suka shiga adashi. Matsayinta ma na sauyawa. Wadda jiya ake kira amarya yanzu uwar wane ce, tana da baki a shawarar mata. Sai dai al'ada ta ɗora mata alkunya a kan ɗan fari, musamman a gidajen Fulani: ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, kuma bayan yaye, wajen shekara biyu, kaka kan ɗauke shi. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga shi a 1954, ta bayyana wanka da kunu da wannan kunya kusan yadda ake yin su a yammacin ƙasar Hausa, abin da ke nuna faɗin al'adar.

Likitocin zamani sun shigo maganar ne ta ƙofar ciwon zuciya. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, likitoci Davidson da Parry sun bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka wallafa sakamakon a 1978. Sun ɗora alhakin a kan yawan gishirin da ke cikin kanwa, wanda ke tara ruwa a jiki, haɗe da zafin wanka da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Wani bincike da aka yi a Sakkwato aka buga a 2007 ya samu cutar a kusan haihuwa ɗaya cikin ɗari, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Shekaru da dama wannan bayani ne ake koyarwa, har ma'aikatan lafiya suka riƙa yi wa jego kallon abokin gaba. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ta Kano ya jagoranta bai tabbatar da cewa wanka da kunu ne sanadi ba. Ya fi nuna yatsa ga rama, talauci, hawan jinin masu ciki da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Wannan bai wanke kanwa ɗungurungum ba, domin mai hawan jini ko kumburin ƙafa tana cutuwa da ita, kuma ruwan da ke sale fata ƙuna ce, ba magani ba. Amma ya nuna cewa yunwa ta fi tukunyar wanka haɗari.

Inda al'ada ta yi kuskure ƙarara shi ne batun dakashi, nonon farko mai kauri da ake matsewa a zubar don ana ganin ƙazanta ne, a riƙa ba jariri ruwa ko madarar dabba har kwana biyu ko uku. Wannan nono shi ne rigakafin farko na yaro. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar nono zalla na wata shida, kuma a ƙauyuka saƙon ya fi shiga ne inda aka shawo kan kakanni da ungozomomi, domin su ne masu iko a ɗakin jego, ba mai jegon ba.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 asibitoci sun matso kusa, daga asibitin Sir Yahaya da na tarayya a Birnin Kebbi zuwa cibiyar lafiya ta Kalgo da ƙananan ɗakunan shan magani na gundumomi, kuma awon ciki ya zama sananne. Wasu mata sun rage zafin ruwa, wasu sun koma kunun gyaɗa ko na tsamiya, wasu sun taƙaita wankan zuwa sau ɗaya a rana. Abin da ya fi raunana jego dai ba asibiti ba ne. Itace ya yi tsada, nama ya fi ƙarfin talaka, maza da yawa na cin rani a kudu lokacin da matansu ke sauka, kuma tsofaffin da ke zaman jego su ma suna neman na bakinsu. Sakamakon haka akwai masu jegon da ke komawa turmi da murhu tun kafin sati biyu, da kunu tsurarsa babu abin haɗawa. Daga cikin sassan al'adar, hutu da ƙoshi su ne waɗanda tsofaffi da malamai da likitoci ba su taɓa saɓani a kansu ba, kuma su ne ke fara ɓacewa a gidajen marasa ƙarfi.