Dalar Gyaɗa da Jirgin Ƙasa a Kano

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a shekarar 1911, aka buɗe ta don ɗaukar kaya a 1912. Turawan mulki a sa'an nan auduga suka sa wa rai, don masaƙun Ingila na bukatarta. Manoman Kano kuwa suka yi nasu lissafi, suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, ga shi kuma in shekara ta ƙi ana iya cinta. Kafin ƙarshen 1913 abin da aka fitar ya kai wajen tan 19,000, tashar Kano ta cika da buhuna har aka rasa inda za a sa ƙafa. Tun daga ran nan aka san cutar da za ta daɗe tana damun cinikin nan, watau gona tana bayarwa fiye da abin da jirgi ke iya ja.

Kamfanonin Turawa, irin su Kamfanin Neja da Janhol, ba su san ƙauyuka ba, ba su kuwa jin harshen mutane sosai. Saboda haka suka nemi fatake waɗanda suka saba da cinikin goro na Gwanja, suka riƙa ba su kuɗi tun kafin kaka. Mafi shahara cikinsu shi ne Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955. Shi da irinsa ke rarraba kuɗin ga yaransu da 'yan baranda, su kuma su bi kasuwanni da sikeli. Ana cewa a wajensa aka fara jera buhuna bisa juna kamar dutsen Dala.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sake tsarin duka. A 1942 gwamnati ta karɓe sayen gyaɗa daga hannun kamfanoni, a 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Nijeriya, a 1954 kuma aikin ya koma hannun hukumar Jihar Arewa. Amma hukuma ba ta da sikeli a ƙauye, ba ta da sito, ba ta da leburori. Sai ta ba kamfanonin nan da manyan attajirai lasin su saya da sunanta bisa farashin da ta yanka, su zuba a buhu, su ajiye, su kai tasha, ita kuwa ta biya su kamasho a kan kowane tan. Ma'aikatan gwamnati su duba kyaun gyaɗar, En'e ta lura da kasuwanni da hanyoyin mota na cikin ƙasarta.

Nan fa wahalar ta fito fili. Reluwe ta fita daga yaƙi da tsofaffin kawunan jirgi da taragai da suka gaji, sababbi kuwa ba su samuwa da sauri daga Ingila. Tsakanin Kano da Ikko mil 700 ne, hanya ɗaya tak. Sai gyaɗar bana ta iske ta bara ba a kwashe ba. Babbar dala takan ci buhu 15,000, kuma akan ga dala bayan dala a filayen da ke kusa da tasha, an lulluɓe su da tamfal saboda damina. Baƙo ya gani ya yi mamakin arziki. Akawun da ke riƙe da littafin sito kuwa ya san kowane wata da ya wuce ƙwari na ci, nauyi na raguwa, mai na lalacewa.

Abin da ya tilasta haɗa kai shi ne, gyaɗar ta hukuma ce, amma a hannun kamfani take kwance, jirgin da zai ɗauke ta kuwa na wata ma'aikata ce dabam. In ta ɓaci, ba wanda zai tsira. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: mai lasin ya ɗauki nauyin gini da gadi da lulluɓi, masana ƙwari na gwamnati suka zo da dabarar rufe dala ruf a busa mata hayaƙin magani, aka kuma shiga raba taragai tsakanin masu saye, don kada mai ƙarfi ya kwashe su duka. Ba a rasa gunaguni ba wajen rabon nan, musamman daga ƙananan 'yan kasuwa na gida, waɗanda ke ganin manyan kamfanoni sun fi su kusa da kunnen hukuma.

Aka nemi waɗansu ƙofofin kuma. Wani kashi ya bi ta Baro, inda jiragen ruwa na kamfanoni ke ɗauka su gangara Kwara zuwa Burutu da Warri in ruwa ya cika. Wani ya bi manyan motoci na 'yan kasuwa. Masana'antun matse mai da aka kafa a Kano suka rage wani abu daga nauyin. Cunkoson har ya taɓa maƙwabta, gama gyaɗar Damagaram da Maraɗi ta Kano take bi, sai da Faransawa suka shirya wata hanya ta Parakou zuwa Kwatano wajen 1953. A 1955 reluwe ta zama hukuma mai cin gashin kanta, aka fara sa kawunan jirgi masu aiki da man dizal, tarin ya soma raguwa.

Mutum ɗaya ne ba a kira shi wurin shawara ba, shi ne manomi. Farashin da ake yanka masa yana ƙasa da na kasuwar duniya, rarar kuwa tana taruwa a asusun hukuma, daga ciki ake biyan tamfal da magani da kamasho, har da ayyukan raya ƙasa. A cikin shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Sa'an nan farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, manoma da yawa suka koma gero da dawa da wake. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona, a lokacin kuwa filayen dala sun riga sun daɗe fayau.