Gidajen Fasaha na Ibrahim Mahama a Tamale

Cibiyar Savannah, wadda aka fi sani da SCCA, gidan baje kolin zane da ayyukan fasaha ce a Tamale, babban birnin arewacin Gana. An buɗe ta a watan Maris na 2019, kuma ba gwamnati ce ta gina ta ba. Mutum ɗaya ne ya kafa ta da kuɗin aljihunsa, wato Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale a 1987. Ba shi ne attajirin nan ƙanen Shugaba John Mahama ba, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Mahama ya yi karatun zane a jami'ar KNUST ta Kumasi, amma buhu ne ya fito da sunansa. Yakan tattaro tsofaffin buhunan da suka gama dakon koko suka koma dakon gawayi, ya sa a ɗinke su wuri guda, sannan ya lulluɓe manyan gine-gine da su. A 2015 aka nuna aikin nan a babban bikin fasaha na Venice, wanda Okwui Enwezor, ɗan Nijeriya, ya shirya. A 2017 kuma ya je bikin Documenta a Jamus. Daga nan kasuwarsa ta buɗe, shi kuwa ya riƙa kwaso ribar yana zubawa a gida.

SCCA ta fara ne da baje kolin ayyukan Kofi Dawson, wani dattijon mai zane na Gana. Zaɓin ya yi ma'ana, don ɗan arewacin Gana ya samu ganin aikin magabata ba sai ya yi tattaki zuwa Accra ba.

Amma tarin kayan Mahama na gaske yana Red Clay, wani makeken fili mai gine-ginen jan bulo a bayan gari, wanda aka buɗe a 2020. Abin da wasu suka yar shi ne ya saya ya adana: jiragen sama da suka daina tashi, taragwan jirgin ƙasa, kujeru da takardun ma'aikatar jirgin ƙasa ta da. Jiragen saman sun zama azuzuwa, yaran ƙauyukan da ke kewaye suna shiga ciki suna ɗaukar darasi. Taragwan kuwa su ne suka fi taɓa zuciya. Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa layin dogo ne don kwasar zinariya da koko zuwa bakin teku, kuma bai wuce Kumasi ba. Arewa ta ba da leburori, amma ba ta samu dogo ba. Saboda haka a bayan manyan motoci aka ɗauko taragwan nan har Tamale.

Gida na uku shi ne Nkrumah Volini, wanda aka buɗe a 2021. Rumbu ne da aka gina da siminti a zamanin Kwame Nkrumah, aka yi watsi da shi bayan juyin mulkin 1966. Da Mahama ya saye shi ya tarar jemagu sun mai da shi gida, sai ya bar su a ciki.

Aikin Mahama yana kawo wa garin abin yi. A 2024, ƙyallen da ya rufe bangon cibiyar Barbican a Landan da shi, masaƙa da maɗinkan Tamale ne suka haɗa shi a filin wasa na Aliu Mahama, aka ɗinka tsofaffin rigunan gargajiya na batakari a jikinsa.