Ruwan da Jiki Ya Ƙi

Ranar da aka ɗauko gwaggona daga ƙauyenmu na Belbeji don a yi mata aikin ciki, wuƙa muke tsoro, ashe ruwa ne zai kusan kai ta. Ana cikin ƙara mata shi, jikinta ya yi ruɗu-ruɗu, numfashi ya sarƙe, jini ya faɗi. Allurar adiranalin ce Allah ya sa ta ceto ta. A gida wasu suka ce iska ce, wasu suka ce "ruwan ne bai karɓe ta ba". Ni da nake karatun harshe sai na bi sawun sunan abin.

Ƙarin ruwa ya tsufa. A 1832, lokacin annobar kwalara, Thomas Latta na Sukotlan ya zuba wa majinyata ruwan gishiri ta jijiya. A 1915 aka fara gwada ruwan jelatin, wanda ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi, don ya tsaya a madadin jinin da ya zuba. Ruwan gishiri ko na sukari da wuya ya tayar da jiki. Na jelatin kuwa yana iya yi, kuma shi aka sa wa gwaggo.

Sunan ya zo a 1902. Faransawa biyu, Charles Richet da Paul Portier, sun yi wa kare allurar dafin wata halittar teku don ya samu rigakafi. Bayan makonni suka ƙara masa ɗan kaɗan, nan take ya mutu. Suka haɗa kalmomin Girkanci suka ce "anafilaksi", wato kishiyar kariya: garkuwar jiki ce ke firgita ta afka wa mai ita. Richet ya samu kyautar Nobel a 1913.

To mu fa? Muna da "borin jini", amma na fata muke nufi, shi ya sa ba mu ɗaukarsa da nauyi. Alhali na gwaggo ma bori ne, sai dai ya kai maƙogwaro da jijiyoyi.

Ƴan'uwa, in wani namu ya taɓa yi, a nemi likita ya rubuta sunan ruwan ko maganin a karnensa. Daga Tanut in an tura shi Damagaram, mai sa shi barci bai san shi ba. Takardar nan ce za ta yi magana a madadinsa.