Hawa Don Wa? Daura da Baƙinta a Tarihi

Wasu shekaru da suka wuce, a watan Gani, malamina ya ɗora mini nauyin zagayawa da baƙonsa cikin garin Daura. Baƙon mutumin ƙasar Japan ne, ɗalibi mai koyon Hausa, wanda ya iso daga Kano da ɗan littafi a aljihu da kyamara rataye a wuya. Na kai shi ƙofar fada, na kai shi kasuwa, daga ƙarshe muka yada zango a Rijiyar Kusugu. Bayan ya kurɓi ruwan, sai ya dube ni ya ce, "Malam, hawan da za a yi gobe, don ku ake yin sa ko don baƙi?" Na yi dariya, domin ban ɗauke ta a bakin tambaya ba. Sai daga baya, da na zauna na bi tarihin hawa da na masu kallonsa, na gane nauyinta.

Abin da ke kawo baƙo Daura labari ne. Kowane yaro a ƙasar Hausa ya ji yadda Bayajidda ya baro Bagadaza, ya zauna a Borno, ya biyo ta Gaya inda maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya sauka da dare a gidan tsohuwa Ayana. Ya nemi ruwa, ta ce masa maciji mai suna Sarki ya hana ɗiba sai ranar Juma'a. Ya tafi rijiya ya sare kan macijin, ya auri sarauniya Daurama, ta haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida, haɗe da Biram, su ne asalin Hausa Bakwai. Masana sun daɗe suna muhawara a kan ko Bayajidda mutum guda ne, ko kuwa labarin yana nuni ne da zuwan wasu jama'a da sauyin sarauta daga hannun mata zuwa na maza. Duk yadda aka fassara shi, a Daura labarin yana da rijiya da ake ɗibar ruwanta, da takobi da ake ajiye da shi a fada, da sarautu irin su Magajiya da Kaura da Galadima waɗanda ke da gurbi a cikinsa.

Waɗannan abubuwa sun rayu a zamanin da babu mai zuwa kallo. Wajen shekarar 1805 dakarun jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fice da jama'arsa. Zuriyarsa ta zauna a Zango da Baure kimanin shekara ɗari, tana riƙe da jerin sunayen sarakunanta da al'adun fadarta. A farkon mulkin Turawa aka mayar da gidan kan karaga ta hannun Malam Musa, abin da ba a yi wa sauran gidajen Haɓe da jihadi ya kora ba. Ɗansa Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, Muhammadu Bashar ya gaje shi har zuwa 2007, sannan Alhaji Umar Faruk Umar ya hau. Mutanen da suka riƙe al'ada ƙarni guda suna gudun hijira sun riƙe ta ne saboda ita ce shaidarsu cewa su ne masu gari.

Haka shi ma hawa. Asalinsa ranar da sarki ke duba dawakinsa da mayaƙansa ne, hakimai su zo da jama'arsu su yi jahi a gabansa don jaddada mubaya'a, talakawa kuma su ga sarkinsu ido da ido. Lifidi da sulke da kwalkwali kayan yaƙi ne kafin su zama kayan ado. Turawa ne suka kawo wani sabon salo daga Indiya, wanda muka sani da hawan daba: a tara sarakuna da yawa a fili guda, a ranar da gwamnati ta zaɓa, don girmama babban baƙo. An yi irinsa a Kano a 1925 domin yarima mai jiran gadon Ingila, aka yi a Kaduna a 1956 domin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, aka sake yi a Kaduna a 1977 lokacin bikin FESTAC. Tun daga nan hawa ya zama iri biyu. Akwai wanda Sallah ko Gani ke kawowa, wanda ake yi ko da baƙo ko babu. Akwai kuma wanda zuwan baƙo ke kawowa, inda mahayi ke fuskantar rumfar manyan baƙi maimakon sarkinsa.

Cikin baƙin Daura akwai masu alƙalami. H. R. Palmer ya buga labarin Bayajidda cikin Ingilishi a 1928. M. G. Smith ya wallafa babban littafi kan tarihin mulkin Daura a 1978. Bajamushe Dierk Lange ya yi rubutu kan bikin Gani da alaƙarsa da labarin. Bayan da Muhammadu Buhari ya zama shugaban ƙasa a 2015, sunan garin ya shiga bakin duniya, har shugaban Gini Alpha Conde ya zo ya yi Babbar Sallah a nan a 2019. A 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Ko da yake matsalar tsaro a wasu sassan Jihar Katsina ta rage baƙin waje, babu shakka ranar da hanya ta gyaru za su zo, kuma da yawa.

A nan ne labarin ƙasar baƙona ya zame mini darasi. Japan ta karɓi baƙi sama da miliyan 31 a 2019, da sama da miliyan 36 a 2024. Ya ba ni labarin yadda a birnin Kiyoto baƙo ke hayar rigar gargajiya da suke kira kimono ya yini da ita, a koya masa ladubban shan shayi cikin sa'a guda, ya ɗauki hoto ya wuce. A unguwar Akihabara ta Tokiyo kuwa, matasa daga ko'ina na zuwa neman littattafan zane da finafinan zane waɗanda suka girma suna kallo. Wannan ya kawo kuɗi, ya raya sana'o'in hannu da suka kusa mutuwa. Amma ya zo da nasa ciwon. A unguwar Gion, baƙi sun riƙa bin mata masu wasan gargajiya da kyamara suna tare musu hanya, har mazauna suka hana ɗaukar hoto a lungunansu a 2019, suka kuma rufe wasu lungunan ga baƙi a 2024. Duk da haka babban bikin Gion, wanda suke danganta asalinsa da shekarar 869, yana nan a watan Yuli. Sun buɗe abin da za a iya sayarwa, sun kare wanda ba na sayarwa ba.

Mu ma muna da abin buɗewa. Baƙo zai iya zama da baduku ya ga yadda ake ɗinka kayan doki, ya je maƙera, ya koyi naɗa rawani, ya sha fura da nono, ya kalli dambe, ya ji kakaki da algaita da tambari. Finafinan Hausa da waƙoƙin zamani sun riga sun kai harshenmu Nijar da Gana da Sudan, kuma masu kallonsu za su so ganin tushen Hausa da idonsu. Abin da ya rage shi ne a horar da matasan gari su san jerin sarakuna da ma'anar kowace sarauta, don kada su ƙaga wa baƙo tatsuniya saboda ɗan abin goro. A kuma gaya wa baƙo tun daga ƙofa inda ake ɗaukar hoto da inda ba a ɗauka, musamman a kan mata da cikin gida. Hausawa sun ce baƙonka annabinka, amma kuma sun ce baƙo raɓa ne. Ana girmama shi, ba a sauya tsarin gida saboda kwana biyunsa.

A ranar, wani dattijo da ke zaune kusa da rijiya ya ji tambayar baƙona, ya ga na rasa amsa. Ya ce da ni, "Ɗana, gaya masa in ya fasa zuwa gobe, sarki zai hau." Na ce, "To, Baba," na maimaita wa baƙon. Ya rubuta a littafinsa, washegari kuma ya tsaya cikin talakawa a bakin hanya, ƙura na tashi a kansa, har dokin ƙarshe ya wuce. Fatana shi ne jikokinmu su iya ba wa baƙinsu wannan amsa, kuma ta kasance gaskiya.